Tafiyar Hutu Zuwa Filato, Ga Zaman Burkutu da Wiski a Cikin Tsarin: In Je Ko In Fasa?

Tambaya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, babbansu namiji ne ɗan shekara 14. Shekara 16 ke nan da aka turo wani ɗan Jihar Filato, Kirista, ya yi wa ƙasa hidima a makarantarmu. Mahaifina ya ba shi shagon ƙofar gida, muka shekara muna cin tuwo a kwano ɗaya, har yau kuma mahaifiyata Kofa take ce masa. Da mahaifina ya rasu, da shi aka yi zaman makoki har sadakar uku.

Bana ya gayyace ni da iyalina yawon hutun Disamba a motoci biyu, tasa da tawa, mu bi ta Ningi zuwa Bauchi, mu kwana biyu a Yankari, mu wuce Jos, mu ƙarasa ƙauyensu kusa da Pankshin. Na amince, na tura kasona na kuɗin masauki da abinci, yara kuma sun fara ƙirga kwanaki. Da ya turo mini tsarin tafiyar ta WhatsApp sai na ga cewa a rana ta huɗu da yamma za a je gidan goggonsa, wadda ke dafa burkutu, a ɗanɗana, da daddare kuma yayansa da ya dawo daga Sikotlan zai buɗe kwalaben wiski iri-iri da ya zo da su. A ƙasan saƙon ya rubuta cewa ni in zauna da su kawai, za a saya mini lemo.

Maiɗakina ta ce ita da yaranta ba inda za su. Yayana ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, in fasa, in kuma rage wannan abota. Ni kuwa ina jin nauyin mutumin nan ƙwarai da gaske. Ba zan ɓoye ba, wani abokin aikina ya ce mini burkutu ai dawa ce kawai, kurɓi ɗaya ba ya bugarwa, kuma maganar ta ɗan tsaya mini a rai. In je ko in fasa?

Amsa

Wa alaikumus salam warahmatullah, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka masa da alheri kan ɗakin da ya ba baƙo, domin wannan abota da kake tsoron rasawa a yau shi ne ya dasa ta. Na karanta wasiƙarka sau biyu, abin da na lura da shi kuwa shi ne ka ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya, wato tafiyar kwana biyar da kuma zama guda na rana ta huɗu, sai ka ɗauka dole ne ko ka ɗauke su tare ko ka ajiye su tare. Shawarata ita ce ka kwance igiyar: ka je tafiyar, kada ka halarci zaman, kuma ka faɗa wa amininka haka tun kana gida, kafin a zuba wa mota mai. Amma kafin in kai ga yadda za ka yi hakan, bari in fara da maganar da ka sako can ƙarshe kamar ba a bakin komai ba, alhali ita ce ta fi komai nauyi a cikin wasiƙar.

Abokin aikinka rabin gaskiya ya faɗa da ya ce burkutu dawa ce. Dawa ce, ko gero a wasu wuraren, amma ba kamar yadda ta fito daga rumbu ba. Ana jiƙa ta, a shimfiɗa ta a lulluɓe har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa a manyan tukwane, sa'an nan a bar ruwan ya kwana ya tashi, ya riƙa kumfa da kansa babu wuta a ƙarƙashinsa. A wannan tashin ne zaƙin hatsin yake juyewa ya zama barasa, kuma dominsa ake shan duk wahalar kwanakin da suka gabata, in ba haka ba da kunu kawai aka dama. Tambayar nan kuwa ba yau aka fara yin ta ba. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa wani mutum daga Yaman ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wani abin sha da suke yi da dawa a ƙasarsu, ana kiransa mizru. Annabi ya tambaye shi ko yana bugarwa, ya ce e, sai ya sanar da shi cewa duk abin da ke bugarwa haram ne. Ka ga abin da aka duba shi ne aikin da abin yake yi wa hankali, hatsin da aka yi shi da shi bai shigo cikin hukuncin ba. Maganar kurɓi ɗaya ita ma an rufe ta, domin hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Kai malami ne, ka san aya ta 90 a Suratul Ma'ida, ka kuma san cewa umarnin da ke cikinta na a nisanci abin ne baki ɗaya.

Wiski kuwa ya wuce nan nesa. A Sikotlan, inda yayan amininka ya samo nasa, sha'ir suke tsirarwa kamar yadda ake tsirar da dawa, su bar ruwansa ya tashi, sa'an nan su ɗora shi a tukunyar jan ƙarfe su tare tururinsa ya koma ruwa, yawanci har sau biyu, domin barasar ta taru wuri ɗaya. Dokarsu ba ta yarda a kira shi da sunan ƙasar ba sai ya yi aƙalla shekara uku a cikin gangar katako, kuma sai barasar da ke cikinsa ta kai aƙalla kashi 40 cikin 100, alhali ta burkutu ba ta cika kai kashi 10 ba. Abin da suke kira ɗanɗano shi ne a jera ƙananan kofuna, a zuba ɗan kaɗan daga kowace kwalba, a sansana, a kurɓa, a yi ta bayanin bambancin na wannan yanki da na wancan. Kofi biyar ko shida na ɗan kaɗan, idan aka tara su, sha ne sosai. Na kawo maka wannan bayani ne saboda na ga kalmar ɗanɗano ita ce ta sassauta maka abin, ta sa ya yi kama da ɗanɗana gishirin miya, alhali zaman shan giya ne da aka yi wa tsari.

Saura batun zama da kwalbar lemo a hannu. Na tabbata da kyakkyawar niyya amininka ya rubuta wannan, a ganinsa ya nema maka mafita. Amma akwai hadisi a wurin Tirmizi da Imamu Ahmad da ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a wurin cin abincin da ake zagayawa da giya. Ko da babu wannan nassi, ni da kaina zan ce maka kada ka zauna, saboda abubuwa biyu da ka faɗa da bakinka, cewa kana jin nauyin mutumin, kuma maganar kurɓi ta tsaya maka a rai. Ka hango wurin da kyau. Kuna zaune kan benci a inuwa, sai tsohuwa ta fito daga inda tukwanen suke, ta ɗebo a sabuwar ƙwaryar da ta ajiye don manyan baƙi, ta zo gabanka ta miƙo da hannu biyu tana cewa ga ɗan gidan da ya riƙe mana yaro a Jigawa, mutum goma sha suna kallonka suna murmushi. Mutumin da nauyin baki ya hana shi buga waya ɗaya daga cikin ɗakinsa, da wuya ya iya mayar da hannun tsohuwa a wannan lokaci. Idan ma ka iya, to, ka kunyata ta a gaban jama'arta a kan abin da ba laifinta ba ne, tun da ba wanda ya gaya mata. Kunyar da kake ji yanzu ita ce za ta ɗora maka ƙwaryar a hannu a can, saboda haka a nan gida ya kamata ka yi maganinta.

Yayanka yana da gaskiya da ya tsorata, kuma ka gode masa, domin wanda bai damu da kai ba ba zai tanka ba. Sai dai ban bi shi a kan rage abotar ba. Mutumin nan ya shekara a ƙofar gidanku yana saurayi, kuma da ya taɓa shigo da kwalba shagon mahaifinka, na san da ka faɗa mini. Ya girmama gidanku a wancan lokaci, ya kuma taso tun daga Filato ya zauna kan tabarmar makoki tare da ku. Abin da ya yi yanzu shi ne abin da kowane mai masauki yake yi, wato ya duba garinsu ya zaɓo abin da suke alfahari da shi ya ce baƙo ya zo ya gani. A ƙauyuka da yawa na can, burkutu yana cikin gayya da biki da karɓar baƙo kamar yadda fura da goro suke a wurinmu, akwai kuma matan da da shi suke riƙe gida, suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. A ƙasar Hausa ma ba baƙon abu ba ne, Maguzawan karkarar Kano da Katsina sun daɗe da saninsa. Sanin matsayin abu a wurin mutane ba ya halatta maka shi, amma yana hana ka ɗaukar gayyatarsu a matsayin cin mutunci. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bayyana cewa Allah bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Duk wanda ya tuna abin da Jos ta gani a 2001 da 2008 da 2010 ya san cewa Musulmin Jigawa da Kiristan Pankshin masu kwana a gidan juna suna riƙe da abu mai tsada, wanda bai kamata a yar saboda layi biyu a saƙon waya ba. Ai don irin wannan aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, bayan yaƙin basasa, ku biyun kuma kuna cikin waɗanda shirin ya yi wa rana.

To, ga abin da za ka yi a cikin makon nan. Ka kira shi ku yi magana baki da baki, kada ka rubuta, domin rubutu ba ya ɗaukar fara'a, kuma saƙon da ya fara da hani yakan isa da kaifin da mai shi bai nufa ba. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ka fara da godiya kan wahalar da ya sha wajen tsara tafiyar, sa'an nan ka ce masa wani abu kamar haka: "Ɗan'uwana, na ga tsarin, komai ya yi, Allah ya bar zumunci. Abu ɗaya ne, ka san gidanmu, ka san yadda Baba ya rene mu. Ni da iyalina ba za mu zauna wurin burkutu da wiski ba, ko da lemo ne a hannunmu. Ina so in je in gaida Goggo da safe, in kai mata tsaraba, da yamma kuma mu ba ku wuri." Kada ka fake da gyambon ciki ko wani ciwon da ba ka da shi, domin uzurin ƙarya na yini ɗaya ne, baɗi sai ka nemo wani. Kada ka ce maiɗakinka ce ta hana, domin ka ɗora mata kayan da naka ne, ka kuma ɓata ta a idon mutanen da za ta ci abincinsu. Haka nan kada ka mai da wayar wa'azi, tun da bai tambaye ka hukuncin abin a kansa ba, iyakar taka kawai kake nuna masa. Ka roƙe shi ya sanar da goggonsa da yayansa tun kafin ku iso, don kada kowa ya miƙo maka abin da za ka mayar. Ina kyautata zaton abin zai zo da sauƙi fiye da yadda kake tsoro, domin mutumin da ba ya sha ba abin mamaki ba ne a can. Kiristocin Filato da yawa ba sa taɓawa, wasu majami'un ma hana mabiyansu suke yi, kuma mutanen yankin sun daɗe suna cuɗanya da Musulmi a kasuwa da maƙwabtaka.

A cikin wayar nan ka taɓo abubuwa biyu da mutanenmu kan ji nauyin ambata. Na ɗaya kuɗi ne: kason da ka tura na masauki da abinci ne, ka nemi a bar shi a nan, kada ya shiga sayen abin shan wannan rana. Na biyu makwanci ne. Idan a gidan da za a buɗe kwalaben aka shirya ku kwana, ka nemi a sauke ku a gidan wani ɗan'uwansu da ba a sha, ko ka kama masauki a cikin garin Pankshin ko da daga aljihunka za ka ƙara, domin ba amfanin ka ƙi zama a tsakar gida alhali 'ya'yanka suna kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin.

Maiɗakinka ba gardama take yi ba, uwa ce da ta ji za a kai 'ya'yanta inda ake shan giya, kuma da ta yi shiru da abin ya fi damuna. Kada ka rinjaye ta da cewa ai an riga an biya kuɗi. Ka zauna da ita bayan yara sun kwanta, ka nuna mata tsarin tun daga farko har ƙarshe, ka gaya mata abin da ka yanke, in da hali ma ka buga wayar tana zaune tana ji, domin yawancin tsoronta shi ne za a je can ka kasa cewa a'a. Idan matar amininka za ta kira ta su yi magana mace da mace kan girki da makwanci da wurin alwala, hakan zai kwantar mata da hankali fiye da duk bayaninka. Ita ma Inna ka sanar da ita da bakinka, kada ta fara ji daga wurin Yaya. Ta san Kofa tun yana koyon cin tuwo da hannu, kuma ba a kama doguwar hanya irin wannan ba tare da albarkarta ba.

Game da yara, akwai abin da ya kamata ku kula da shi sosai. Burkutu a cikin ƙwarya, ga idon ƙaramin yaro, kunu ne, domin launinsa da kaurinsa sun yi kama da na kunun jar dawa, ga ɗan tsami. Yaron da ya sha guje-guje ya ji ƙishi, ya ga ƙwarya a ajiye, ba zai tsaya tambaya ba, kuma abin da babba zai sha ya miƙe yana iya kwantar da ƙaramin yaro. Ku gaya musu cikin natsuwa cewa a wannan rana ba sa shan komai sai daga hannun mahaifiyarsu, ku kuma riƙe ruwanku da zoɓonku a mota. Babban kuwa, ɗan shekara 14, shi ya fi bukatar a yi masa magana ta gaskiya, domin sa'o'insa na can suna iya jan shi bayan gida su ce ya gwada. Ka gaya masa mene ne abin, da dalilin da ya sa ba ma sha, ka kuma gaya masa cewa waɗanda za su karɓe ku mutanen kirki ne, ba a yi musu kallon raini, ba a toshe hanci a gidansu. Nan da 'yan shekaru zai tafi jami'a, ko a tura shi hidimar ƙasa wata jihar inda ba ka nan, sai ya tuna yadda ya ga mahaifinsa ya ƙi abu cikin ladabi, ya kuma ci gaba da hira da dariya da mai gidan.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda ni ya fi tsorata ni a cikin tsarin nan, shi ne tuƙin washegari. Amininka ne zai riƙe sitiyari, hanyar Pankshin zuwa Mangu zuwa Jos kuwa ta hawa da gangara ce, ga cunkoson ƙarshen shekara, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke ta gargaɗin direbobi. Hanta ce ke fitar da barasa daga jini, kuma a hankali take aikinta. Wanka da ruwan sanyi, ko shayi mai kauri, ko goro, suna iya buɗe ido, amma ba sa rage abin da ke cikin jinin. Wanda ya sha burkutu da yamma, ya ɗora wiski har tsakar dare, yana iya tashi da asuba yana jin garau alhali idonsa da ƙafarsa ta birki ba su dawo daidai ba. Ka sa sharaɗin a fili tun a waya, cewa babu ɗanka ko ɗaya da zai shiga motar wanda ya sha, kuma ba za a kama hanya da sassafe ba, sai dai a ba da yini, ko a ba wanda bai sha ba makullin. Wannan sharaɗi har 'ya'yansa yake karewa, kuma aminin ƙwarai ne kaɗai zai iya faɗa masa. Idan kuma aka ce a ajiye kwalba a but ɗinka saboda motarsa ta cika, ko ka kai wa wani, ka ƙi. Mai ɗaukar giya yana cikin mutum goman da aka la'anta a hadisin Anas wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito. Ban da wannan, Jigawa da Kano sun kama aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, Bauchi ta biyo baya a 2001, Hisba kuma tana kama barasa. Malamin makarantar da aka buɗe but ɗinsa a shinge aka ga kwalba, ba mai sauraron cewa ta aboki ce, labarin kuwa zai riga shi isa ƙauye.

Akwai halin da zan ce maka ka fasa zuwa ƙauyen. Idan ka yi wayar ya mai da abin wasa, ya ce ka zo tukuna a gani, ko ya nuna ba zai iya raba makwancinku da wurin shan ba, to, ka fasa. Haka nan idan maiɗakinka ta ji komai amma zuciyarta ba ta kwanta ba, ko kai da kanka ka duba ranka tsakaninka da Allah ka ga sha'awar nan ta fi ƙarfin yadda ka faɗa mini. Ko a nan ma ba duka za a watsar ba. Ku yi Yankari tare, ku yi Jos tare, ku yi sallama a can cikin mutunci, shi ya ƙarasa gida, kai ka juyo da iyalinka ta Bauchi, abin da ka biya na ragowar kwanakin kuma ka bar masa, kada ka tambaya.

Ina nacewa kan ku je ne domin abin da yaran za su gani ya cancanci wahalar hanya. Daga Birnin Kudu ta Babaldu da Ningi zuwa Bauchi, sa'an nan hanyar Gombe zuwa Dindima inda ake karkata zuwa Yankari, tafiya ce da za a yi cikin natsuwa idan aka fita bayan sallar asuba. An keɓe gandun dajin tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma rani ne lokacin ganin namun daji, domin ƙishi yakan koro su bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na wajen digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin da ka taka, kuma yaron da ya saba da tafkin da ke ƙafewa bayan kaka ba zai manta da shi ba. Ku dai kula da biran sansanin, sun iya fizge leda daga hannun yaro. A Jos ku kai su gidan tarihin da aka buɗe a 1952, kusa da shi akwai inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Kai da ka fito daga ƙasar da ke da zanen mutanen da a jikin duwatsun Habude da Mesa, ba za ka rasa abin koya musu a can ba. Garin yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, sanyin Disamba kuma yana ratsa ƙashi, saboda haka ku ɗauki rigunan sanyi da barguna. Ka kai motar wurin makanike ya duba birki da tayoyi da lagireto, ku riƙa tafiya da rana kawai, ku kuma tambayi masu masaukinku halin hanya kafin kowace fita. Nisan ya kai na ƙasaru, kuma tun da babu inda za ku yi niyyar zaman kwana huɗu, kuna da sauƙin sallar matafiyi.

A rana ta huɗun ku je gidan Goggo da hantsi, kai da maiɗakinka da yara, ku durƙusa ku gaishe ta da Hausa, domin mutanen yankin suna jin ta sarai. Ka isar mata da gaisuwar Inna, ka ba ta labarin yadda ɗanta ya saba da miyar kuka a gidanku, da yadda ya zauna da ku ranar da kuka yi rashi. Idan ta kawo muku gwate ko tuwon acca ko dankalin Turawa ku ci ku yaba, kazar da za a dafa muku kuwa ka roƙi amininka ya ba ka wuƙa ka yanka da hannunka, wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu. Kafin azahar ku yi sallama, ka ɗauki iyalinka ku je kallon duwatsun Pankshin, ku yi sallarku, ku koma masauki da wuri. Tsarabarta ka haɗa ta tun daga gida: dabinon Dutse, da man shanu, da riɗi, da turmin atamfa daga hannun Inna. Dawa ce kaɗai ba za ka kai mata ba, ko da rumbunka ya cika bana, domin ka san tukunyar da za ta shiga.